Ranar da Mama Beryl Ta Shiga Motar Murray

Akwai wani mutum a garinmu na Yarrabindi mai suna Murray Tonkin, dillalin tumaki. Idan kana son sanin nauyin rago tun kafin a sauke shi daga mota, tambayi Murray. Idan kuma kana son sanin wane ne gwanin direba a duk faɗin jiharmu, ba sai ka tambaya ba, shi da kansa zai tare ka a hanya ya faɗa maka cewa shi ne.

A bayan rumbunan alkama muke da filin ƙungiyarmu ta masu tseren mota, 'yar kwalta mai kwana-kwana da marigayi Arthur Hockley ya ja gaba aka shimfiɗa. Ni aikina ranar tsere shi ne gasa naman sosej a bakin fili, don haka babu abin da ke wuce ni.

Tseren da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne na motocin gida. Motar da kake zuwa kasuwa da ita, ita za ka shigo da ita fili, kuma da ƙafarta za ta koma gida.

Dokar ba ta da wuya. Kana iya canza tayoyi, da takalman birki, da shakazoba. Dole ka sa kejin ƙarfe a ciki, da bel ɗin kujera mai ƙarfi, da tukunyar kashe gobara. Amma inji ba a taɓa shi, kuma duk abin da motar ta zo da shi a cikinta, kujeru da kafet da safaya, nan za ka bar shi. Ba a yarda ka rage mata nauyi ba.

Sau ɗaya a shekara, a tsakiyar zafi, ake yin tseren Kofin Hockley. Wannan kofi shi ne ciwon da ke cin zuciyar Murray. Shekara da shekaru yana zuwa na biyu, kuma kullum a bayan mutum ɗaya, Stavros mai shagon soyayyen kifi da dankali.

Na biyu ba abin kunya ba ne, amma je ka faɗa wa Murray. Da an kaɗa tutar ƙarshe ba ya ko cire hular kwano. Daga kan kwalta sai ƙofar fita, ya bar mu da ƙura. Bai taɓa tsayawa ya miƙa wa Stavros hannu ba, bai taɓa ganin yadda ake ba da kofin ba. A gari kuwa babu mai yi masa maganar abin da ya faru bayan tafiyarsa, don kowa ya san yanzu ya hau ka da faɗa.

Wata safiya matarsa Narelle ta dawo daga kasuwa tana ɗingishi. Ta buge ƙaurinta a ƙarfen keji wajen fitowa daga mota, kuma ba wannan ne karo na farko ba.

"Murray, na gaji da tsallake ƙarafa kamar tunkiya a wurin wanka," in ji ta. "Bana ce ta ƙarshe. Ka ci ko kada ka ci, bayan tseren nan za a cire kejin nan, motar ta koma ta mutane."

"Haba Narelle, saura ƙiris fa."

"Tun gashin kanka yana baƙi nake jin saura ƙiris ɗin nan."

Murray ya san matarsa. Idan ta yi magana da wannan muryar, to an gama. Ya fahimci cewa idan sunansa bai hau kofin nan bana ba, ba zai taɓa hawa ba.

A makon nan ya shiga shagon Stavros sayen kifi, don duk gabar da yake yi da mutumin, cikinsa bai taɓa shiga faɗan ba. Stavros ya naɗe masa kifin a takarda, ya ƙara masa dankali, sannan ya jingina da kanta.

"Mutumina, in faɗa maka gaskiya? Birkinka ne ke kayar da kai. Tun daga nesa kake taka shi, sai ka ce ƙwai ka ɗauko. Sa sababbin takalman birki masu jure zafi, doka ta yarda. Za ka ga bambanci."

Murray ya dube shi sama da ƙasa. "Yanzu mai soya kifi ne zai koya mini tuƙi?"

"Mai soya kifin da kake kallon lambar motarsa ta baya duk shekara, e."

Mutanen da ke layi suka kwashe da dariya. Murray ya ja tsaki, ya suri kifinsa ya fita. Amma ku ji halin mutum, washegari ya tuƙa har garin da ke gaba da mu, inda ba a san shi ba sosai, ya sayi irin takalman birkin da Stavros ya faɗa. Ya ɗaura su a ɓoye, kamar wanda ya yi sata.

Da a nan ya tsaya, da yau wani labarin nake ba ku. Sai dai zuciyarsa ba ta kwanta ba. Shi a ganinsa ba zai yiwu shawarar kyauta daga bakin abokin hamayya ta isa ta ba shi kofi ba.

Ya zauna yana tunanin Col Wendt, dattijon da ke duba motoci kafin tsere. Ƙungiyarmu ba ta da sikelin auna mota. Col da ido yake aiki. Ya buɗe bonet, ya girgiza keji, ya ja bel, ya leƙa ciki ya ga kujeru suna nan, ya buga rufin mota da tafin hannu ya ce a wuce. Tun da ake yi bai taɓa zama a kujerar kowa ba.

Nan dabara ta zo wa Murray, ya yi murmushi shi kaɗai.

Ya ce wa Narelle motar za ta kwana biyu a gareji ana shiri, ta riƙa hawa akori-kurar aiki. Da ta tafi wurin aikinta sai ya rufe ƙofar gareji, ya fito da kujerar gaba ta fasinja da doguwar ta baya. Ya farke rigunansu a hankali, ya zare soso da sifirin da duk wani ƙarfe mai nauyi, ya tura su ƙarƙashin buhunan ulu.

Sannan ya tattaro kwalayen giya da siririyar waya da gam, ya gina siffar kujera, ya mayar da rigar ya ɗinke. In dai za a faɗi gaskiya, aikin ya yi kyau. Da irin haƙurin da ya kashe a kan kwalin nan ya kashe shi wajen koyon shan kwana, da tuni kofin yana falonsa.

Ya ja da baya ya kalli aikinsa, ya ɗaga kujerar gaban da yatsa biyu, ya ce, "Murray, kai ɗan baiwa ne."

To ga abin da ɗan baiwa bai sani ba. Tun shekarar da Arthur ya rasu muka fara wata al'ada. Duk wanda ya ci kofi, zai ɗauki matar marigayin, Mama Beryl, a kujerar gaba, ta rungume kofin, ya zagaya fili da ita a hankali ana tafi. Yaran da ba su iya magana ba ma sun san wannan a Yarrabindi. Mutum ɗaya ne bai taɓa tsayawa ya gani ba.

Mama Beryl kuwa, Allah ya yi mata jiki, kuma ita ce ke toya wa ƙungiya kek, tana ɗanɗana kowane faranti kafin ya fita daga hannunta.

Ranar tsere da safe Narelle ta fito da babban tiren kek, ta nufi ƙofar gaba za ta ɗora a kujera. Murray ya yi wani tsalle da bai yi irinsa ba tun yana saurayi, ya tare ƙofar da bayansa.

"Kada ki ɗora! Ki tafi da shi a akori-kura."

"Lafiyarka kuwa?" Ta dube shi. "To shi ke nan. Amma dai ka goge kujerar gaban nan da kyau, ko da za ka ci, saboda Ma..."

Ya katse ta da ƙarfi. "Me ya haɗa ki da kujera? Wa ya ce miki wani abu a kan kujera? Ku mata komai sai kun sa baki!"

Narelle ta rufe bakinta, ta juya da tirenta. Da ya bar ta ta ƙarasa kalma ɗaya tak, da ya san abin da ke jiransa.

A fili Col ya yi aikinsa yadda ya saba. Ya buɗe bonet, ya girgiza keji, ya leƙa ciki.

"Kai Murray, kujerunka sai ƙyalli suke. Wanki ka yi musu?"

"Tsafta ce kawai, Baba Col," in ji Murray, gumi na tsiyaya ta cikin hula.

Col ya buga rufi ya ce a wuce.

Aka jera motoci, aka saki tuta. Tun a kwanar farko muka ga abin da ba mu saba gani ba. Murray ya shiga kwanar da gudu, bai taɓa birki ba sai da ya kusa, motar ta tsaya masa cak yadda yake so, ya fito a gaban Stavros. Na tsaya kallo har sosej ɗina suka ƙone.

Stavros ya bi shi a baya na ɗan lokaci, sai muka fara jin injinsa yana tari. Hayaƙi ya fara fita ta salansa, gudunsa ya ragu. Bai tsaya ba dai, ya lallaɓa ta da dabara, sauran motocin ma ba su iya wuce shi ba. Amma lokacin da Murray ya tsallake layin ƙarshe, Stavros bai ko fito daga kwanar rumbuna ba.

Karo na farko a rayuwarsa Murray ya cire hular kwano a cikin fili. Ya hau kan bonet yana ɗaga hannu. Na ga idonsa ya cika da ƙwalla, kuma ban ɓoye muku ba, ni ma na ji daɗi dominsa. Mutum ya daɗe yana jira.

Sai jama'a suka dare biyu. Ga Mama Beryl tana tahowa cikin rigarta mai furanni da hular zuwa coci, ta rungumo kofi a ƙirji.

Murray ya sauko ya miƙa hannu biyu zai karɓa. Ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta zagaya ta ɗaya gefen motar.

"Buɗe mini ƙofa, ɗana."

"Ƙofa? Ina za ki, Mama?"

"Zagayen girmamawa mana. Au, na manta, kai ba ka taɓa tsayawa ba." Ta yi dariya. "Ni da kofi a gaba, kai a sitiyari. A nan wurin za ka sauke ni, sannan in miƙa maka."

Fuskar Murray ta koma kalar ulun da ba a rina ba.

"Mama, motar ta yi zafi. Ga warin fetur. Ga keji, za ki buge ƙafa, tambayi Narelle. Bari in aro miki wata motar mai sanyi."

"Motar da ta ci ake hawa. Na tsallake kejin da ya fi wannan."

"To ki zauna a nawa wurin, ki tuƙa, ni in bi ki da ƙafa!"

Jama'a suka yi ta dariya, suna cewa ashe Murray ya iya barkwanci. Kafin ya sake nemo wata ƙarya, Col ya riga ya buɗe ƙofa ya riƙe mata hannu. Mama Beryl ta ɗaga ƙafa ta tsallake ƙarfe, ta juya, ta saki jikinta gaba ɗaya da bismillar mutumin da ya yarda da kujera.

Muka ji ƙara, ɓurum!

Mama Beryl ta ɓace daga taga. Abin da ya rage muna gani shi ne takalmanta biyu a sama da bakin kofi yana ƙyalli a tsakaninsu. Hularta ta gangaro ta faɗo ƙasa.



Daga can ƙasan mota muryarta ta fito, a natse. "Ban ji ciwo ba. Kowa ya kwantar da hankalinsa. Amma wani ya karɓi kofin nan kafin ya lotse."

Sai da maza uku suka haɗu kafin aka zaro ta. Ta miƙe, ta gyara riga, ta sa hannu a bayanta ta ɓamɓaro wani yankin kwali da ya manne mata. Ta nisanta shi da ido ta karanta.

"Arthur ya ɗauke ni a babur, ya ɗauke ni a tarakta, har a bayan motar tumaki na zauna," in ji ta. "Amma yau ne na fara zama a kan kwalin giya. Kuma mai arhar ka sayo, Murray."

Nan fa dariya ta ɓarke. Wasu suka zauna a ƙasa suna riƙe ciki.

Col bai yi dariya ba. Ya zura hannu ya danna kujerar baya, hannunsa ya nutse har gwiwa. Ya juyo ya dubi Murray.

"Gara ce, Baba Col," in ji Murray da wata siririyar murya. "Ka san garar bana."

"Lalle garar nan ta iya ɗinki," in ji Col. "Har da gam take yawo. Ka san doka, Murray. An cire ka. Kofi na Stavros ne."

Stavros ya taho yana goge baƙin mai a hannunsa. Duk mun zaci zai rama tsakin da aka yi masa a shago. Sai ya leƙa ta cikin tayar gaban Murray, ya ga sababbin takalman birki, ya girgiza kai.

"Ashe ka sa su. Haba mutumina, me ya kai ka? Injina ya samu matsala tun tsakiyar tsere. Yadda kake shan kwanar nan yau, ko firijin shagona ka ɗauko a baya da ka ci."

Wannan maganar ita ta kashe wa Murray jiki, fiye da dariyar, fiye da hukuncin Col. Kofin ya riga ya zama nasa da halaliyarsa, shi ya mayar da shi da hannunsa. Na dubi fuskarsa na ji tausayinsa ya kama ni.

Ya sunkuya ya ɗauki hular kwanonsa, ya nufi motarsa kamar yadda ya saba duk shekara. Babu wanda ya tare shi.

A bayansa aka shigar da Mama Beryl motar Stavros, bayan ta danna kujerar da hannu sau biyu. Stavros ya murza makulli, inji ya yi tari ya mutu. Ya sake murzawa, ko tarin ma bai samu ba. Ga kofi, ga Mama, ga jama'a, babu zagaye.

Murray ya riga ya kama murfin ƙofarsa. Ya tsaya jim yana sauraren makullin da ake ta murzawa a banza. Sai ya ajiye hular a kan rufi, ya dawo ta tsakiyar mutane kansa a ƙasa, ya dafa bayan motar Stavros da hannu biyu.

"Cire giya," in ji shi. "Kuma kada ka taka birki tun daga nesa."

Samari suka yunƙuro za su taya shi. Mama Beryl ta leƙo ta taga ta ɗaga musu yatsa.

"Ku bar shi shi kaɗai har kwanar farko. Yana da bukatar sanin nauyin mota mai kujeru."

Haka ya yi ta turawa cikin rana, jijiyoyin wuyansa a waje, Mama Beryl na ɗaga wa jama'a hannu kamar sarauniya. Daga kwanar farko muka bi shi gaba ɗaya, har da ni da cokalin gashi a hannu. Da aka dawo layi, Murray ne ya fara tafi, yana haki, sannan ya miƙa wa Stavros hannu.

Da za a tafi gida, Narelle ta bar akori-kura a fili, ta karɓi makullin motar. Ta zauna a sitiyari, ta nuna masa ɗaya gefen.

"Shiga, maigida. Ai kai ka gina ta."

Duk wanda ke bakin titi ranar ya ga motar Tonkin ta ratsa tsakiyar gari a hankali, Narelle na tuƙi, a gefenta kuma gwiwoyi biyu da saman wani kai mai furfura.

Narelle ba ta janye maganarta ba. An cire keji, an mayar da soso da sifirin, motar ta koma zuwa kasuwa. Sunan Murray Tonkin bai hau Kofin Hockley ba, kuma ba zai hau ba.

Amma tun daga shekarar ba a taɓa yin tsere ya tafi kafin a tashi ba. Shi ke buɗe wa Mama Beryl ƙofar motar duk wanda ya ci. Kuma kafin ta shiga, sai ya fara zama a kujerar da kansa, ya yi tsalle a kai sau biyu, sannan ya fito ya ce, "Bismillah, Mama. Wannan ta gaske ce."

Darasi: Wanda girman kai ya hana shi tsayawa ya taya wani murna, yana rasa sanin abubuwan da zai bukata ranar tasa nasarar. Kuma sau da yawa abin da aka halatta maka ya isa ya kai ka inda kake so, ha'incin da ka ƙara a kai shi zai ƙwace maka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san ba ya iya tafa wa kowa sai kansa.